Daga Zaure Zuwa Lasifika: Tarihin Tafsiri a Ƙasar Jama'a

Duk wanda ya taɓa yin azumin watan Ramalana a Kafanchan, ko a Zangon Katab, ko a Kagarko, ko a wani daga cikin tsofaffin garuruwan Musulmi da ke warwatse a kudancin ƙasar Zazzau, ya san cewa da zarar an sallame sallar la'asar, ko kuwa bayan an idar da asham, sai jama'a su taru a gaban mutum biyu: ɗaya alaramma ne mai jan baƙi, wanda ke karanto aya da ka, ɗaya kuwa malami ne da littafi buɗe a gabansa, wanda ke warware ma'anarta da Hausa, ya kawo dalilin saukarta, ya ambaci abin da magabata suka faɗa, sa'an nan ya rufe da cewa Allah ne mafi sani. Ana buɗe tafsiri a farkon wata, a rufe shi gab da salla, kuma saboda an saba da shi kamar yadda aka saba da ganin jinjirin wata, kaɗan ne ke tsayawa su tambayi kansu inda wannan al'ada ta fito, da sharuɗɗan da malaman da suka gabata suka gindaya wa wanda zai hau wannan buzu, musamman idan ya yi nufin ƙetare zahirin lafazi ya shiga abin da ke ɓoye a ƙarƙashinsa.

Kafin a zo ƙasar Jama'a, tilas ne a fara bi ta inda littattafan suka biyo. Littafin da ya fi kowane yawo a hannun malaman ƙasar Hausa shi ne Jalalaini, wanda malamai biyu na Masar suka haɗu a kansa, wato Jalaluddini Mahalli, wanda ya rasu a 1459 bai kammala ba, da almajirinsa Jalaluddini Suyuɗi, wanda ya cike ragowar, ya kuma rasu a 1505. Shi wannan Suyuɗi ba baƙo ba ne ga ƙasashenmu, domin ya aiko wa sarakunan Katsina da Agadas wasiƙar nasiha tun yana raye. Abin da ya sa Jalalaini ya karɓu haka shi ne taƙaituwarsa, yana bin aya kalma bayan kalma, ta yadda malami zai iya ɗora fassarar baka a kansa ba tare da ya ɓace ba. A Barno kuwa tun ƙarni na 17 ana rubuta fassara da tsohon harshen Kanembu a tsakanin layukan Alƙur'ani, abin da ke nuna cewa juya ma'anar Littafi zuwa harshen gida tsohuwar sana'a ce a wannan yanki.

Amma wanda ya kafa wa ilmin tafsiri ginshiƙi a ƙasar Hausa shi ne Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, Allah ya jiƙansa. Tun kafin jihadi ya waƙe ƙa'idodin wannan fanni a cikin Miftahut Tafsiri, yana bin sawun Suyuɗi, sa'an nan lokacin da ya bar rundunar jihadi da niyyar tafiya gabas, wajen 1807, mutanen Kano suka tsayar da shi, ya zauna yana karantar da su tafsiri. Wajen 1815 ya kammala babban littafinsa, Liya'ut Ta'awili, wanda ya tattaro daga Bailawi da Hazin da Sa'alibi da Jalalaini da wasunsu, da bayanin ƙira'o'i da i'irabi da balaga da saɓanin mazhabobi. Da ya ga ya yi wa ɗalibai nauyi, sai a 1822 ya taƙaita shi a cikin Kifayatu Lu'afa'is Sudan, bisa ruwayar Warshu da mazhabar Maliku kaɗai. Wannan rangwame da ya yi wa masu rauni yana nuna wani abu da malaman baya suka riƙe da muhimmanci, wato ba kowace magana ake faɗa wa kowane kunne ba.

Ita kuwa masarautar Jama'a ta kafu ne wajen 1810, a hannun Malam Usman da Fulanin da suka taru a kansa bayan sun baro yankin Kajuru, ta kuma zama ɗaya daga cikin ƙasashen da ke biyayya ga Zazzau. Kafin ta, akwai zangunan fatake irin su Zangon Katab, inda ayari ke sauka a kan hanyarsu ta kudu, kuma inda duk fatake suka yi zango, can za a tarar da malami da allunansa. Saboda haka ilmin da ya iso waɗannan garuruwa ta hanyar Zariya ya biyo, birnin da ya yi suna wajen nahawu da luga, wanda ɗalibai ke yi wa tattaki su zauna shekaru a zaurukan Unguwar Juma da Kona. Ba zai yiwu kuma a ɓoye cewa waɗannan garuruwa masu ganuwa sun zauna ne a tsakiyar al'ummu da yawa waɗanda ba Musulmi ba, Fantswam da Bajju da Atyap da Agworok da Ham da Kaninkon da sauransu, kuma dangantakar da ke tsakani ta haɗa ciniki da hari, har da bayi da ake kai wa Zazzau a matsayin gaisuwa. Wannan tabo yana nan a zukatan mutane, kuma wanda bai san da shi ba ba zai fahimci abin da ya faru daga baya ba. Abin lura a nan shi ne, a tsawon wancan zamani tafsiri abu ne na cikin ganuwa, malami yana yi wa mutanen da suka riga suka yi imani da Littafin, a zaure ko a ƙofar fada, muryarsa ba ta wuce inda numfashinsa ya kai.

To, wane ne ke da ikon yin tafsiri a wancan tsari? Yaro ya fara da allo har ya sauke, sa'an nan ya shiga makarantar ilmi ya ɗauki Ahalari da Ishmawi da Iziyya da Risala, ya hau Askari da Muhtasar, ya karanta Ajuruma da Alfiyya a nahawu, ya sha waƙoƙin jahiliyya da Muƙama domin luga, ya bi Ashafa da Muwaɗɗa, kuma sai bayan duk wannan, sau da yawa furfura ta fara fitowa, malaminsa zai buɗe masa Jalalaini. In ya sauke, a yi walima, a naɗa masa rawani, a ba shi izini wanda ke ɗauke da sunan malaminsa da na malamin malaminsa. Ana bukatar ya san ayar da ta shafe da wadda aka shafe, da mai bayyanannar ma'ana da mai kama da juna, da ta Makka da ta Madina, kuma a kullum ana tuna masa da kashedin da ya zo a hadisi game da wanda ya faɗi son ransa a cikin Alƙur'ani.

Bayan wannan mataki na zahiri akwai wani, wanda malaman ɗariƙa, na Ƙadiriyya da na Tijjaniyya, ke kira ishara. Sun gāji wannan daga magabata irin su Ƙushairi, mai Laɗa'iful Isharati, da Imamu Gazali, da Ibnu Ajiba na ƙasar Maroko wanda ya rasu a 1809, shi da ya tsara tafsirinsa ta yadda kowace aya zai fara ba ta haƙƙinta na zahiri, sa'an nan ya zo da ishararta a ƙarshe. Misalin da ya fi bayyana hanyarsu shi ne wanda Gazali ya kawo a Mishkatul Anwari game da umarnin da aka yi wa Annabi Musa, tsira da aminci su tabbata a gare shi, na ya tuɓe takalmansa a kwari mai tsarki. Gazali ya fahimci cewa a ciki akwai nuni ga mai neman kusanci da Ubangiji ya fitar da duniya da lahira daga zuciyarsa, amma ya tsaya kai da fata cewa takalman na gaske ne kuma an tuɓe su da gaske, wanda duk ya soke zahiri da sunan baɗini ya karkace, kamar yadda wanda ya musanta asiri gaba ɗaya ya taƙaita. Daga nan malamai suka fitar da sharuɗɗa: kada ishara ta ci karo da zahirin aya, a samu wani dalili na shari'a da ke ƙarfafa ta, a samu alaƙa tsakaninta da lafazin, kuma kada mai ita ya ce ita kaɗai ce abin nufi. Manomin citta na ƙasar Jaba zai gane wannan da sauri, domin ya san cewa dukiyar tana ƙarƙashin ƙasa, amma ganyen da ke sama ne ke ciyar da ita, kuma shi ke nuna inda za a sa fartanya. Wanda ya yi gaggawar sare ganye ya rasa duka biyu.

Wannan damuwa ba Musulmi kaɗai suka yi ta ba, kuma ina ganin akwai fa'ida a leƙa wata al'umma mai nisa wadda ta daɗe tana fama da ita. Abu Raihana Albiruni, wanda ya rubuta littafinsa a kan ƙasar Hindu wajen 1030 bayan ya koyi harshensu na Sanskirit, ya ba da labarin cewa Barahimawa, wato malamansu na gado, suna haddace littattafansu da ake kira Beda baki da baki, ba su son a rubuta su, kuma da yawansu suna karantawa ba su san ma'ana ba. Hanyar haddarsu abin mamaki ce, domin bayan karatu a jere suna da karatun kalma ɗaiɗai, da na kalma bibbiyu a sarƙe, da na gaba da baya, duk don kada harafi ya salwanta, abin da gardawanmu masu ƙidayar kalmomin Alƙur'ani ba za su yi wa kallon baƙo ba. Sun kuma gindaya fannoni shida da ɗalibi zai sani kafin ya yi magana a kan ma'ana: furuci, da aruli, da nahawu, da asalin kalmomi, da tsarin ibada, da lissafin taurari.

Ɗaruruwan shekaru kafin haihuwar Annabi Isa, wani malaminsu mai suna Yaska ya rubuta Nirukta, inda ya yi raddi ga wani Kautsa da ke cewa baitocin Beda ba su da ma'ana, sauti ne kawai na ibada. Yaska ya kawo saɓanin magabatansa a kan ƙissar yaƙin abin bautarsu Indra da Biritra: masu riwayar tarihi suka ce Biritra wani ifiritu ne da aka kashe, masu bin asalin kalma suka ce gajimare ne da ya riƙe ruwa, yaƙin kuwa kwatanci ne na yadda hadari ke fashewa. Daga irin wannan suka saba karanta baiti guda ta fuska uku, ta hadaya, da ta halittun sama da suke bauta wa, da ta ruhin mutum kansa. Tsuntsaye biyu da aka ambata a kan itace guda, ɗaya na cin 'ya'ya ɗaya na kallo, sai masu fuska ta uku suka ce rai ne mai ɗanɗanar sakamakon aikinsa da kuma Rai maɗaukaki mai shaida. Makarantar Mimansa ta Jaimini ta tsara ƙa'idodi masu kama da namu na usulu, ba a barin ma'anar farko ta kalma sai in ta gagara, daga baya kuma masu bin tafarkin Shankara suka yi aiki da alamomi shida na gane manufar nassi, cikinsu har da dacewar farkonsa da ƙarshensa, da abin da ya maimaita, da abin da ya zo da shi sabo. A ƙarni na 14 Sayana ya yi wa Beda sharhi mai faɗi a daular Bijayanagara, a 1657 kuma Dara Shiko, ɗan sarkin Mugal, ya sa aka juya littattafansu na Upanishad zuwa Farisanci. Aƙidarsu daban, tamu daban, babu mai haɗa su. Abin da ya yi kama shi ne tsoron da masana na kowane ɓangare suka ji na a bar alama a hannun wanda bai zauna gaban malami ba.

Ƙasar Jama'a kanta tana da shaidar abin da ke samun alama idan silsilar masu fassara ta yanke. A 1928 masu haƙar kuza suka fara tono sassaƙen yumɓu a Nok, a 1943 kuma aka kai wa wani Bature mai suna Bernard Fagg a Jos wani kan mutum na yumɓu da aka samu a wata mahaƙa kusa da Jama'a, wanda wani ma'aikaci ya kafa a gonarsa ta doya a matsayin mutum-mutumi. Kan ya haura shekaru 2000 da ƙerawa, gyaran gashinsa da hudar idanunsa lalle suna faɗin wani abu ga waɗanda suka ƙera shi, amma babu wanda ya rage da zai ce daga wane ya karɓa. Al'ummun yankin su ma suna da nasu ilmin na ɓoye, kamar Abwoi na Atyap, wanda ba a buɗe wa yaro asirinsa sai an shigar da shi, an kuma ɗaure shi da alkawari.

Abin da ya sauya wannan zama shi ne jirgin ƙasa. A 1927 Kafanchan ta zama mahaɗar hanyar da ta taso daga Fatakwal zuwa Kaduna da wadda ta nufi Jos, sai ƙauyen Fantswam ya cika da Ibo da Yarbawa da Hausawa da ma'aikata daga ko'ina, har a 1933 aka taso da fadar Sarkin Jama'a daga tsohon mazauninta aka dawo da ita bakin tasha. A daidai wannan zamani masu mishan na SIM, waɗanda suka sauka a Kwoi tun 1910, suka kafu a Kagoro suka buɗe makarantar koyon Littafi Mai Tsarki, a 1932 kuma aka buga cikakken Littafin da Hausa, aikin da Likita Mila na Zariya ya daɗe a kansa tare da wasu. Da yake harsunan yankin suna da yawa, Hausa ta zama harshen coci, sai ga shi liman da fasto suna wa'azi da kalmomi iri guda, Allah da annabi da mala'ika da zunubi da aljanna, kowa da abin da yake nufi. Kiristoci ma suna da tsohuwar al'adar neman ma'anar ɓoye, tun daga Orijin na Iskandariyya, kuma mai bishara a Kagoro yakan karanta ragon layyar Annabi Ibrahim ko kwana ukun Annabi Yunusa a cikin kifi a matsayin alamar Almasihu. Ƙissa guda, jama'a biyu, fassara biyu, a gari guda mai kasuwa guda.

Sa'an nan rediyo ta zo. An buga Liya'ut Ta'awili a Alƙahira a 1961, ya wadatu a hannun mutane. Shaihu Abubakar Gumi kuma, wanda ke tafsiri a masallacin Sultan Bello na Kaduna, aka fara watsa karatunsa a gidan rediyon Kaduna a 1967, ya zama mai shayi a tashar Kafanchan yana jin abin da a da sai an yi tafiyar kwanaki. Gumi ya ɗauki tafarkin tsayawa ga nassi da riwaya, ya soki abubuwa da dama na ɗariƙu a littafinsa na 1972 kan ingantacciyar aƙida, a 1978 aka kafa Izala a Jos, malaman ɗariƙa kuma, irin su Shaihu Nasiru Kabara a Kano da Shaihu Ɗahiru Bauchi a Kaduna, suka riƙa mayar da martani a nasu majalisun. Muhawarar zahiri da ishara, wadda a da manyan malamai ke yi a tsakaninsu da Larabci, ta fito kan titi da Hausa, a kaset da lasifika. Ba na cikin masu ganin wannan duk hasara ne, domin mata a cikin gida da leburori da makiyaya sun san ma'anar abin da suke karantawa a salla fiye da kakanninsu, wannan kuwa alheri ne babba. Amma rediyo ba ta san wanda ke saurare ba, ba ta iya yin abin da Malam Abdullahi ya yi na ware wa mai rauni nasa kason.

Ranar Juma'a 6 ga Maris 1987, a Kwalejin Horon Malamai ta Kafanchan, ɗalibai Kiristoci suka yi taron wa'azi, suka gayyato mai wa'azi wanda a da Musulmi ne, shi kuwa ya jawo ayoyin Alƙur'ani a cikin jawabinsa yana fassara su bisa fahimtarsa ta yanzu. Ɗalibai Musulmi da suka jiyo ta lasifika suka ce ya karkatar da ayoyi ya taɓa mutuncin Annabi, Kiristoci suka ce karantowa kawai ya yi ya kwatanta. Faɗa ya tashi a makaranta, ya shiga gari, cikin 'yan kwanaki ya kai Kaduna da Zariya da Funtuwa da Katsina, aka rasa rayuka, aka ƙone majami'u masu yawa da masallatai da dukiya. Kuskure ne a ce fassarar aya kaɗai ta jawo wannan, domin a ƙarƙashinsa akwai tsohon ƙorafi na sarauta da ƙasa da haraji, da zafin muhawarar shigar Nijeriya ƙungiyar ƙasashen Musulmi a 1986. Duk da haka ƙyastun da ya kunna wutar tambaya ce ta tafsiri, wato wa ke da izinin faɗin abin da aya ke nufi, kuma a gaban wa.

Amsar da hukuma ta bayar ita ce takarda. Tun 1984 gwamnatin soja ta jihar Kaduna ta kafa dokar tsara wa'azi, aka yi mata gyara a 1987 bayan wannan fitina, aka sake a 1996. A 2016 gwamnati ta kai wa majalisa sabon ƙuduri, wanda ya tanadi kwamitin Jama'atu Nasril Islam ga Musulmi da na ƙungiyar CAN ga Kiristoci, su tantance mai wa'azi a ba shi lasisi na shekara guda, ya kuma ƙayyade lokacin amfani da lasifika da wuraren da za a kunna kaset. Kiristoci da dama da wasu malaman Musulunci suka ƙi amincewa, suna ganin an shiga hurumin da ba na gwamnati ba, aka daɗe ana jayayya a majalisa da kotu. Izinin da a da malami ke bai wa almajirin da ya san halinsa da zurfin karatunsa, bayan shekaru suna zaune a shimfiɗa guda, shi ne aka nemi kwamiti ya bayar ga mutumin da ya gani rana ɗaya, kuma kafin a gama wannan jayayya wayar hannu ta riga ta shiga aljihun kowa, tana ɗauke da tafsirin malaman da ba sa zaune a jihar balle dokarta ta hau kansu.